Dutse da Ƙishirwa a Tarihin Damagaram

Duk wanda ya shigo Damagaram, ko ta hanyar Yamai ya biyo, ko ta Tanut, ko ta Magarya, abin da zai fara yi masa maraba shi ne duwatsu. Manya-manya ne, mulmulallu, wani bisa wani, kamar da hannu aka ɗora su. Suna bayan gari, suna kuma tsakiyar gari. A Birni akwai gidajen da dutse ne bangonsu guda, akwai lungunan da suka karkace don su kauce masa. Mu da muka tashi a gindinsu mun daina lura da su. To amma a wannan lokaci da ake waiwayen tarihin sarauta, ana jera sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu, ya dace a ware wa duwatsun nan nasu shafi. Su ne suka ba garin nan mafaka, su ne kuma suka hana shi ruwa, kuma abubuwan nan biyu sun yi tasiri a kan makomarsa kamar yadda bindiga da takobi suka yi.

Mai karatu ya fara duban inda Allah ya ajiye garin. Ta arewa akwai Damargu, ƙasar Tanut, daga nan sai jeji har Agadas da duwatsun Abzin, tafiyar kimanin kilomita 450. Ta kudu akwai kwarin Korama, da Matamai, da Magarya, sannan Daura da Kano, wadda ba ta wuce kilomita 240 daga nan ba. Ta gabas akwai Muniyo da Gure da ƙasar Manga, har zuwa Tabkin Cadi. A shekara mai matsakaicin albarka, ruwan saman da ke sauka a birnin yana kaiwa milimita 400 ko kusa da haka, kuma mafi yawansa a watannin Yuli da Agusta yake zuba. Idan aka gangara Magarya sai ya ƙaru, idan aka haura Tanut sai ya ragu har ya kai inda shuka gero ke zama caca. A can ne dokar shekara ta 1961 ta ja layin da ya raba ƙasar noma da ƙasar kiwo. Ke nan Damagaram tana zaune ne daidai inda gona ke sallama da hamada.

Shekararmu kuwa kowa ya san tafiyarta. Da an gama kaka, an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ta zo da hazo da sanyin asuba, leɓɓa su tsage, tsofaffi su kewaye wuta. Daga watan Maris zafi ya fara, a Afrilu da Mayu ya zarce digiri 40, rijiyoyi su ja baya, guga ta riƙa dawowa da laka. Wannan shi ne lokacin da ake auna haƙurin mutumin Damagaram. Sai hadari ya fara haɗuwa ta gabas, guguwa ta riga shi isowa da jan ƙura, kowa ya ɗaga kai sama. Wata uku ake yi ana noma abin da za a ci wata goma sha biyu.

Ina ruwan waɗannan wata uku ke tafiya? Amsar tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Duwatsun da muke gani a sama kawunan wani babban falalen dutse ne da ya shimfiɗu a ƙarƙashin ƙasa tun daga nan har Muniyo, irin dutsen nan mai tauri da masana ke kira giranit. A ƙasa mai rairayi, ruwan sama yakan nutse ya taru a ciki, mai haƙa rijiya ya same shi. Giranit ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a kansa gangarewa yake yi, ya taru a tabkuna da kududdufai, rana ta shanye rabi, dabbobi da masu yin tubali su ƙarasa sauran. Ɗan abin da ke saura a ƙasa yana maƙale ne a tsagogin dutse da siririyar ƙasar da ta rufe shi. Wannan ya isa ƙauye, ya isa ƙaramin birni. Ba ya isar babban birni, kuma tarihin garin nan na shekara ɗari da suka wuce ya tabbatar da haka.

Magabatan da suka kafa daular ba su da dalilin damuwa da wannan. Gidan sarautar ya samo asali daga Malam, wanda ya fito daga wajen Barno a cikin shekarun 1730, kuma zuriyarsa ta daɗe tana sauya mazauni daga wannan gari zuwa wancan, tana kai gaisuwa ga Shehun Barno da sarakunan da suka gabace shi. Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ne ya dawo da fada Zinder a farkon ƙarni na 19. Zamani ne na tashin hankali: jihadin Shehu Usmanu ya birkita ƙasar Hausa, sarakunan Katsina da Daura da aka kora suna neman wurin fakewa ta arewa. A irin wannan lokaci, abin da sarki ke nema shi ne wurin da doki ba zai yi sukuwa ya faɗo masa ba, wurin da mai gadi zai hau ya hango ƙurar mahara tun daga nesa. Duwatsun Zinder sun ba da wannan. Tabkuna da rijiyoyin da ke gindinsu kuwa sun wadatar da jama'ar wancan lokaci da dawakinsu.

Abu na biyu da wurin ya ba da shi ne hanya. Ayarin da ya taso daga Tarabulus, a bakin bahar Rum, ya biyo ta Gadamus da Gat, ya ratsa Abzin, ya sauko Damargu, yana isowa Zinder a gajiye bayan watanni a hamada. Nan ne gari na farko mai kasuwa cikakkiya, mai sarki mai iya ba da tsaro, mai hatsi da ciyawa. Daga nan hanya ke rabuwa, ɗaya ta yi Kano, ɗaya ta yi Kukawa. Unguwar Zango sunanta ya faɗi aikinta: masaukin Buzaye ne da Larabawa da fatake, an ware ta a arewacin Birni, da fili tsakaninsu, domin raƙuma dubbai ba sa shiga lungu, kuma sarki mai hankali ba ya kwana da baƙi masu takubba a cikin ganuwarsa. Ayarin kan sauke tufafi, da takarda, da duwatsun ado, da bindigogi, ya ɗauki jan kirgi na majemanmu, da gashin jimina, da hauren giwa. Ya kan ɗauki bayi kuma. Wannan ma yana cikin tarihinmu, kuma ɓoye shi ba zai ƙara wa kowa daraja ba. Baturen Ingila Richardson ya sauka a garin a farkon 1851, Bajamushe Barth kuma ya iso a ƙarshen Disamba 1852 ya zauna har ƙarshen Janairu 1853, yana jiran kayan da aka aiko masa daga arewa. Dukansu sun rubuta abin da suka gani na ciniki da na mulki.

Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya daɗe bisa gado daga 1851 har 1884, shi ne ya fi kowa cin moriyar wannan matsayi. Da kuɗin fito da ribar ayari ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a nan gida, ya faɗaɗa ƙasa har Muniyo, ya kuma sassauta igiyar da ta ɗaure Damagaram da Barno. Marigayi André Salifou, wanda jami'ar garin nan ke ɗauke da sunansa, ya yi wa wannan zamani littafi guda a 1971. Sai dai akwai wata doka da ake jingina wa Tanimun wadda a ganina ta fi igwa nauyi. Dattawa suna ba da labarin cewa ya hana saran gawo, kuma hukuncin wanda ya sare shi mai tsanani ne ƙwarai. Manomi ya san dalili. Gawo yakan zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta danne shuka, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi ƴaƴa da inuwa, su kuma su bar kashinsu a gindinsa. Geron da ke ƙarƙashin gawo daban yake da na fili. Sarkin da ya kafa irin wannan doka ya san cewa ƙarfin rundunarsa a cikin rumbu yake.

Ban da babban ayarin Tarabulus, akwai wani ciniki da ya fi shi daɗewa, ya kuma fi shi shafar talaka. Kowace shekara bayan damina, Abzinawa kan ratsa Tenere su je Fashi da Bilma su ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangaro da su kudu. A Damargu da Damagaram sukan sauke gishiri su ɗauki gero, raƙumansu su yi rani suna kiwo a gonakin da aka girbe, suna barin taki. Mutumin hamada ba shi da hatsi, mutumin gona ba shi da gishiri, kowa ya san ba shi da zama sai da ɗan'uwansa. Ta gabas da kudu kuma, a fadamun Manga da Muniyo da Korama, ana kwasar kanwa da manda ana kai su kasuwannin Kano da gaba da Kano. A Mirya, wadda ba ta kai kilomita 20 daga nan ba, ruwa yana kusa, lambuna suna ciyar da birni da kayan miya da rake, kamar yadda suke yi har yau. Wanda ya ga dabinon Gidimuni a bakin tabkinsa ya san cewa ƙasar Damagaram ba ta rasa ruwa ba. Babban birninta ne aka gina a inda ruwan ya fi wuya.

Da Nasara suka zo, su ma ƙishirwa ce ta fara yi musu jagora. An kashe kyaftin Cazemajou a nan a watan Mayu 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli 1899 ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawawwaki da toka a duk inda ta bi, ta karya mayaƙan Damagaram a Tirmini, bayan makonni kaɗan aka kashe sarkin. A watan Nuwamba na wannan shekara rundunar Foureau da Lamy ta iso daga Aljeriya bayan shekara guda tana fama da hamada, ta yi asarar mafi yawan raƙumanta a hanya. Garin ya shiga hannun Faransa, amma isa gare shi daga kogin Kwara ya zame musu aiki. Yarjejeniyar da suka yi da Ingila a 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila, abin da ya tilasta wa ayarin sojan Faransa zagayawa ta arewa, ta jejin da rijiyoyinsa ke nesa da juna. Sai da suka koma teburin shawara a 1904 da 1906 aka gyara layin, aka ba su hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Zinder har Tabkin Cadi, sannan tawagar kyaftin Tilho da takwarorinta na Ingila suka bi suka kafa alamomi. Iyakar da ta raba mu da ƴan'uwanmu na Daura da Katsina da Kazaure, wadda ta bar wa wani gona a can gida a nan, da lissafin rijiyoyi aka ja ta.

Shekara ta 1911 ta zo wa Damagaram da abu uku a lokaci guda. A cikinta aka mai da Zinder hedkwatar yankin soja na Nijar. A cikinta jirgin ƙasa ya iso Kano. A cikinta kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus da yaƙi. Na farkon ne aka yi wa murna, amma na biyu da na uku su ne suka fi tsawon inuwa. Kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana ɗauko wa ta hamada, yanzu jirgin ruwa da na ƙasa suna kawo su Kano cikin ƴan makonni, da araha. Ƙofar arewa ta rufe, garin da ke fuskantar hamada ya juya ya fuskanci kudu. Manyan attajiran Zango irin su Malam Yaro, waɗanda sunansu ya kai Tarabulus, su ne na ƙarshe a irinsu. Kafin a farfaɗo sai ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta share garuruwa, sannan yaƙin Kawusan a Abzin a 1916 da 1917, da ramuwar gayyar da Faransa ta yi, wadda ta hallaka mutane da raƙuma ta watsa Abzinawa.

Shekara 15 Zinder ta yi tana riƙe da hedkwata. A 1922 yankin ya zama cikakkiyar ƙasar mallaka mai gwamna farar hula, a 1926 kuma gwamna Brévié ya kwashe ofisoshinsa ya koma Yamai, wadda a lokacin ba ta fi ƴan ƙauyuka a bakin kogi ba. Dalilin da aka bayyana shi ne ƙarancin ruwan sha. A majalisun garin nan har gobe ana gardama a kan wannan, kuma masu cewa hujja ce kawai aka nema suna da abin kamawa. Nasara ba su taɓa sakin jiki da fadar Damagaram ba. A 1906 sun zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodibuwa, suka bar gadon sarauta ba sarki na gidan har 1923, lokacin da aka naɗa Barma Mustafa. Sun kuma ga cewa kuɗin garin da zumuncinsa da karatunsa duk Kano suke kallo, wato ƙasar Ingila. Yamai ta fi kusa da Dahome da hanyar teku, ba ta kuma da tsohuwar fada mai iya ɗaga murya. Duk wannan gaskiya ne. Amma ni ina ganin wanda ya ce batun ruwa ƙarya ne bai yi wa tarihi adalci ba. Hujjar ta karɓu ne domin kowa ya san haka abin yake, kuma da a ce kogi ne ke bi ta gindin Birni, da wuya gwamna ya sami bakin faɗa wa Dakar cewa zai tashi.

Bayan tafiyar gwamna garin bai mutu ba. Gujiya ta maye gurbin gashin jimina, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, motoci suka riƙa jigila zuwa tashar jirgin Kano, har farin shekarun 1970 da cutar shuka suka karya wannan noma. Amma neman ruwa bai tsaya ba ko shekara guda. Tun da ƙarƙashin garin dutse ne, dole aka fita waje. An janyo ruwan Arunguza daga arewa. An kuma nufi kudu, Gogo da Macaya, inda aka yi madatsai don ruwan damina ya tsaya ya nutse a rairayi maimakon ya wuce. A 2005, da taimakon ƙasar Sin, aka buɗe rijiyoyin Ganaram, can arewa da nisa. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan an yi bikinsa da kiɗa da jawabai, kowane kuma yawan jama'a ya cim masa cikin ƴan shekaru. Farin 1973 da na 1984, wanda ake kira El Buhari, sun koro dubban makiyaya da manoma zuwa bakin gari, da yawansu ba su koma ba. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da dubu 300 a cikin gundumomin birnin.

Saboda haka ne ɗan garuwa ya zama ɗaya daga cikin sanannun fuskokin Damagaram, da can da sanda a kafaɗa da garewani biyu, yanzu da kura cike da jarkoki. Matan unguwannin tudu sun san tashin tsakar dare don tarar pampo, sun san jeren bokitai da ake ajiyewa su riƙe wa mutum layi. A watan Afrilu kuɗin ruwa a wasu gidaje yana gogayya da kuɗin cefane. Baƙon da aka miƙa wa kwanon ruwa a garin nan ya sha da godiya, don ba daga bayan ɗaki aka ɗebo shi ba. Tun 2011 kuma ga matatar man fetur a kan hanyar Tanut, wadda bututu mai tsawon sama da kilomita 400 ke kawo wa ɗanyen mai daga Agadem. Hamadar da ta daina aiko da ayarin Tarabulus ta koma aiko da wata dukiyar, kuma mutanen gari ba su daina kwatanta tsawon wancan bututu da na ruwansu ba.

Akwai wurin da aka ci nasara, kuma ba da kuɗin waje aka ci ta ba. Bayan farin 1984, manoman Mirya da Magarya da Matamai sun koma ga abin da kakanninsu suka sani. Maimakon su sassabe duk tsiron da ya fito a gona, sai su zaɓi na gawo da sauran itatuwa masu amfani, su gyara su, su kare su daga akuya da gatari. Masu binciken da suka zagaya yankin a tsakiyar shekarun 2000 sun ƙiyasta cewa gonakin da suka sake cika da itace ta wannan hanya sun kai kimanin eka miliyan guda, da ma'aunin hekta. Wanda ya bi hanyar Magarya da rani zai ga gawo kore jere-jere a gonakin da dattawa suka sani fayau. Babu dogarin sarki da ya tsaya a kansu.

Sauran abin da ya rage a faɗa shi ne cewa dutsen da ya hana mu ruwa da rani shi ne kuma ke turo mana shi da damina. Tun da ƙasa ba ta sha, ruwan sa'a biyu ya isa ya mai da tituna ƙoramu. Tabkunan da a da suke karɓarsa, da yawa an cike bakinsu da shara an yi gini, hanyoyin da yake bi an tare su da katanga. A ƴan shekarun nan kuma ruwan yakan zo da ƙarfi a lokaci guda. Gidajen ƙasa na Birni, masu zanen da baƙi ke zuwa ɗauka hoto, an gina su ne don ƙasar da ake yaɓe kowace shekara kafin hadarin farko, kuma magina masu wannan sana'a suna ta raguwa. Daminar 2024 ta yi ɓarna a duk faɗin Nijar, ta rushe dubban gidaje. A ranar 3 ga Satumba na wannan shekara, tsohon masallacin Birni, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, wanda ya ga zamanin Tanimun, ya ga shigowar Nasara da fitarsu, ya jiƙe ya zube a gaban idon mutanen unguwa.